Jakar ruwa a ƙwaƙwalwar wata mata daga Tahoua: wata 11 kafin a gano sarkoyidos ce

Wace ce marar lafiyar

Mace ce 'yar shekara 36, uwar yara biyar, mazauniyar garin Tahoua, tana ɗinki a gida. Ciwon da aka gano mata a ƙarshe, sarkoyidos, cuta ce da garkuwar jiki ke tara ƙananan ƙulle-ƙulle a gaɓoɓi. Nauyinta kilo 58 ne kafin ciwon. Ba ta da hawan jini, ba ta da ciwon sukari, ba ta taɓa yin tarin fuka ba, kuma babu mai doguwar tari a gidan. Suna kiwon tumaki da awaki a tsakar gida, akwai kuma karnuka a unguwar. Wannan bayani na ƙarshe ya zo ya yi tasiri daga baya.

Nuwamba zuwa Fabrairu: baki ya karkace sau biyu

Da shigowar hunturu ta wayi gari bakinta ya ja gefen dama, idon hagu ba ya rufuwa, in ta kurɓi koko sai ya zubo ta gefen baki. A gida aka ce marin aljani ne, aka yi hayaƙi da rubutu na kwana huɗu, sannan aka kai ta cibiyar lafiya ta unguwa. Majo, wato babban malamin cibiyar, ya duba, ya ga goshi ma ba ya tattarewa a ɓangaren hagu, alamar jijiyar fuska ce ta mutu daga waje, ba shanyewar ɓarin jiki ba. Ya rubuta firednizon, maganin kumburi na dangin kortizon, miligiram 50 kullum na kwana 10 da ɗigon ido. Cikin mako uku fuska ta kusa komawa daidai.

A cikin Disamba abubuwa biyu suka ɓullo waɗanda ba a kai ga likita ba. Al'adarta ta ɗauke, ta ɗauka ciki ne, gwajin fitsari ya nuna babu. Sannan ƙishirwa ta kama ta a tsakiyar sanyi, lokacin da mutane ba sa waiwayar randa. Ta koma kwana da buta biyu a gefen gado, tana tashi fitsari sau biyar ko shida kafin asuba. An auna sukari a farmasi, aka samu giram 0.9 a lita, wato daidai, aka bar maganar a nan.

Ƙarshen Janairu baki ya sake karkacewa, wannan karon ɓangaren dama ne ya mutu. An maimaita firednizon na kwana 10, ta samu sauƙi rabi da rabi. Ciwon kai ya fara a Fabrairu, ya fi tsanani da asuba, yana ƙaruwa in ta sunkuya kan keken ɗinki. Idanunta suka yi ja, hasken rana na damunta, aka ɗora laifin a kan ƙurar hunturu.

Maris zuwa Mayu: maganin tarin fuka

Tsakiyar Maris ta fara amai da safe, tana ganin abu ɗaya ya zama biyu, wuya ya ɗan sandare, jiki da ɗumi digiri 37.9. Lokacin zafi ne, kuma Nijar na cikin yankin da sanƙarau ke ɓarkewa a irin waɗannan watanni, don haka aka fara mata allurar seftiriyazon. Kwana biyar babu canji. Maigidanta da yayarta suka ɗauke ta zuwa Yamai, tafiyar fiye da kilomita 500 ta Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi da Dosso.

Hoton sikana ya nuna ɗakunan ruwa na cikin ƙwaƙwalwa sun ɗan faɗaɗa, kuma tantanin da ya lulluɓe ƙasan ƙwaƙwalwa ya sha maganin haske (wanda ake sa wa jini don hoto ya fito) sosai, alamar kumburi. Babu ƙari, babu jakar ruwa a lokacin. Da aka tabbatar hanyar ruwan a buɗe take, sai aka ɗebi ruwan baya, wato ruwan ƙwaƙwalwa da ke saukowa cikin ƙashin baya. Ruwan garau yake. Ƙwayoyin farin jini 64 a kowane milimita kubik, kusan duka nau'in da ake kira limfosit ne, alhali ƙa'ida ƙasa da 5 ne. Furotin giram 1.9 a lita, ƙa'ida ƙasa da 0.45. Sukarin ruwan 0.34, na jini 0.95, wato ya faɗi ƙasa da rabi. Gwajin GeneXpert bai ga ƙwayar tarin fuka ba, gwajin ƙanjamau babu, na tunjere babu, ba a ga ƙwayar kiriftokok, wadda ita ma ke kawo sanƙarau, ba. Allurar gwajin fata ta tarin fuka ba ta tashi ba ko milimita ɗaya bayan awa 72. Hoton ƙirji ya nuna kaluluwa ta cika gindin huhu dama da hagu, huhun kansa kuwa fes.

An yanke cewa sanƙarau ne na tarin fuka. Ta fara ƙwayoyi huɗu a haɗe, rifamfisin, izoniyazid, firazinamid da etambutol, ƙwaya 4 kowace safiya, da shirin wata 12. Aka haɗa da dekzametazon, shi ma kortizon ne, miligiram 0.4 ga kowane kilo a rana, ana ragewa mako-mako har mako 8, kamar yadda ake yi wa mai wannan ciwo.

Cikin kwana 10 amai ya tsaya, ciwon kai ya lafa, gani biyu ya tafi, jan ido ya washe. An sallame ta ta koma Tahoua. Ƙishirwa kuwa ta ƙaru, aka ce zafin Afrilu ne da kuma aikin kortizon. Tsakiyar Mayu dekzametazon ya ƙare, aka rage magani zuwa rifamfisin da izoniyazid.

Yuni zuwa Agusta: jakar ruwa

Mako uku bayan ƙarewar dekzametazon ciwon kai ya dawo, ya fi na farko. Tana tafiya tana tangaɗi, sai ta dafa bango. Gani ya dushe. Da farko an zargi etambutol, domin yana iya taɓa jijiyar ido, sai dai ta bar shan sa tun watan da ya wuce. Katin shan maganinta cike yake, ba ta tsallake ko rana ɗaya ba.

Sikana na biyu a Yamai ya nuna ɗakunan ruwa na sama sun kumbura ƙwarai, ga kuma wata jakar ruwa mai faɗin milimita 24 a bayan kai, tsakanin ƙaramar ƙwaƙwalwa da tushen ƙwaƙwalwa. Likitocin tiyata suka sa mata siririn bututu daga ɗakin ruwa na dama, ya bi ƙarƙashin fata ta bayan kunne da wuya da ƙirji ya sauka cikin ciki, don ruwan da ya taru ya riƙa tsiyaya can. Ciwon kai ya ragu washegari.

Jakar ita ce ta raba hankali. An kawo abubuwa uku. Na ɗaya tsutsar kare, wadda ƙwanta ke shiga mutum ta abinci ko hannu da kashin kare ya taɓa, kuma tana zagayawa tsakanin karnuka da tumaki da raƙuma. Gidan matar ya dace da wannan. Na biyu tsilar alade, wadda mutum kan iya ɗaukar ƙwanta daga wani mutum ko da bai taɓa cin alade ba. Na uku ƙurjin tarin fuka da ya narke a ciki. Tsoron tsutsar kare ya hana a taɓa jakar, domin in aka huda irin wannan jaka ruwanta ya zube, yana iya jefa marar lafiya cikin suma nan take, kuma 'ya'yan tsutsar su bazu su yi sabbin jakunkuna. Gwajin jini na tsutsar bai nuna komai ba, amma an san yakan yi shiru in jakar a ƙwaƙwalwa take. Aka ba ta maganin tsutsa albendazol miligiram 400 safe da yamma na kwana 28, da dekzametazon kaɗan na mako biyu, aka ci gaba da maganin tarin fuka.

Tsakiyar Agusta ta daina iya tsayawa sai an riƙe ta. Ruwa na sarƙe ta in ta sha, murya ta shaƙe, shaƙuwa ta ƙi tsayawa har kwana uku. Nauyinta ya sauka zuwa kilo 52. Sikana na uku: ɗakunan sama sun koma daidai, bututu na aiki, amma jakar ta kai milimita 33.

Ƙarshen Agusta zuwa Satumba: hoton IRM da guntun nama

Dangi suka haɗa kuɗi, aka sayar da raguna biyu, aka yi hoton IRM, wato hoton na'urar maganaɗisu da ya fi sikana nuna cikin ƙwaƙwalwa, da maganin haske. Hoton ya nuna jakar ba ta da bango nata na kanta, babu kan tsutsa a ciki, kuma ruwanta iri ɗaya ne da ruwan ƙwaƙwalwa. Ɗakin ruwa na huɗu ne ya toshe sama da ƙasa ya kumbura kamar salka.

Ga yadda abin ke faruwa. Ƙwaƙwalwa na samar da ruwa kimanin rabin lita a rana, alhali abin da ke cikin kai da baya a lokaci guda bai wuce mililita 150 ba, don haka dole ya riƙa gudana. Yana fitowa daga ɗakuna biyu na gefe zuwa na uku, ya bi wata siririyar magudana zuwa na huɗu, ya fita ta ƙofofi uku da ke ƙasansa. Kumburin tantani ya liƙe ƙofofin ƙasa. Magudanar sama ma ta kumbura, kuma da bututu ya zuƙe ruwan sama sai ta ƙarasa rufewa. Ɗaki na huɗu yana da nasa sashen da ke samar da ruwa, ya ci gaba da cika babu mafita, yana danne tushen ƙwaƙwalwa inda jijiyoyin haɗiya da murya da numfashi suke.

Hoton ya nuna wani abu kuma: igiyar da ta haɗa ƙwaƙwalwa da hifofiz, 'yar ƙwayar da ke ƙarƙashinta mai sakin sinadaran jiki, ta yi kauri, ta sha maganin haske. A nan ne wata likitar ciki ta zauna bakin gado ta ce, “Malama, sau nawa kike tashi fitsari da dare?” Yayarta ce ta amsa: “Likita, tun sanyin bara buta ba ta kwana da ruwa a ɗakinta.” Aka tara fitsarin awa 24 a jarka, ya kai lita 7.2, fari kamar ruwan famfo, nauyinsa 1.003, babu sukari. Sodiyum na jini 148, ƙa'ida 135 zuwa 145. Furolaktin, sinadarin da ke kawo ruwan nono, ya hau, shi ya ɗauke al'ada. Hifofiz ta daina sakin sinadarin da ke umartar ƙoda ta riƙe ruwa.

Daga nan bincike ya fita daga kai ya koma sauran jiki. Likitan ido ya duba da fitilarsa ya ga kumburin cikin ido a duka biyun, da ɗigo-ɗigo masu kama da kitse manne a bayan gilashin ido. Kalsiyum na jini 2.78 milimol a lita, ƙa'ida ba ta wuce 2.6. Sinadarin da ake kira enzim na konbasiyo ya hau kaɗan, amma ba a dogara da shi ba, domin yakan hau a tarin fuka ma, kuma yakan zauna daidai a masu sarkoyidos da yawa. Sikana na ƙirji ya tabbatar da kaluluwa dama da hagu, girmansu ɗaya, babu ruɓa a tsakiyarsu, kuma ba su ragu ba bayan kusan wata 6 na maganin tarin fuka.

Sai neman nama. Yankar tantanin ƙasan ƙwaƙwalwa aiki ne mai haɗari, don haka aka nemi wuri mai sauƙi. An kashe cikin leɓen ƙasa da allura, aka tsaga kamar santimita ɗaya, aka ciro ƙananan ƙwayoyin yawu biyar masu girman gero, aka ɗinke. Aikin bai kai minti 20 ba. Bayan kwana 12 sakamako ya fito: ƙananan ƙulle-ƙulle na ƙwayoyin garkuwar jiki, a dunƙule tsaf, babu ruɓar nan mai kama da cuku da ake gani a tsakiyar ƙullin tarin fuka, kuma rinin Ziehl, wanda ke fito da ƙwayar tarin fuka, bai nuna ta ba. Shukar ruwan ƙwaƙwalwa da aka ɗiba ranar sa bututu ta cika mako 8 ba ta tsirar da komai ba.

Sunan ciwon sarkoyidos. Likitocin da suka yi karatu da Faransanci suna kuma ce masa BBS, daga sunayen Besnier, Boeck da Schaumann; Boeck, likitan fata ɗan Norway, shi ya raɗa masa sunan a 1899. Garkuwar jiki ce ke tara irin waɗannan ƙulle-ƙulle a gaɓoɓi, ba a ɗaukar sa daga wani, ba a kuma shafa wa kowa. Huhu da kaluluwar ƙirji yake kamawa a kusan mutum 9 cikin 10, jijiyoyi da ƙwaƙwalwa kuwa a kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, kuma jijiyar fuska na cikin waɗanda ya fi taɓawa. Tun 1909 wani likitan ido ɗan Denmark, Heerfordt, ya bayyana haɗuwar kumburin ido da mutuwar fuska da kumburin ƙwayar yawu da zazzaɓi. Bisa ma'aunin da masana suka fitar a 2018 akwai mataki uku: mai yiwuwa, mai rinjaye, da tabbatacce. Tabbatacce sai an ga ƙullin a naman jijiya ko ƙwaƙwalwa. Nata mai rinjaye ne, tunda daga leɓe aka samo shi, kuma wannan ya isa a fara magani.

Ƙarshen Satumba zuwa Janairu: maganin da ya kama

An fara da tiyata, domin haɗiya da numfashi ba sa jira. Aka sa bututu na biyu cikin ɗaki na huɗu, aka haɗa shi da na farko. Shaƙuwa ta tsaya a ranar, bayan kwana huɗu ta haɗiye kunu ba tare da sarƙewa ba.

Kafin kortizon mai ƙarfi an gwada ciwon hanta nau'in B, babu. An ba ta ibamektin miligiram 12, saboda akwai wata tsutsar hanji da kan zauna shiru shekaru, in kortizon ya kwantar da garkuwa sai ta bazu har huhu da jini. Sannan metilfirednizolon giram 1 ta ƙarin ruwa kullum na kwana 5, daga nan firednizon miligiram 50 kowace safiya bayan karin kumallo.

An tsayar da maganin tarin fuka a ƙarshen wata na 6. Dalilai uku ne: nama bai nuna tarin fuka ba, shuka ba ta tsira ba, kuma rifamfisin na zaburar da hanta ta narkar da kortizon da sauri har ƙarfinsa ya ragu da kusan rabi. Wannan tasiri yakan ɗauki kimanin mako biyu kafin ya gushe bayan an daina sha. Wata shidan da ta sha bai tafi a banza ba: in akwai ƙwayar tarin fuka da ke kwance a jikinta, ya share ta kafin a danne garkuwa.

Ga ƙishirwa aka ba ta desmofiresin, madadin sinadarin da hifofiz ta daina saki, miligiram 0.1 safe da dare. Fitsari ya sauka zuwa lita 2.3 a kwana na biyu, ta yi barcin dare cikakke karo na farko cikin wata 10. An gargaɗe ta da ta sha ruwa in ƙishirwa ta zo kawai, domin mai shan wannan magani in ya ci gaba da ɗurar ruwa bisa sabo, gishirin jininsa na faɗuwa har ya kai ga farfaɗiya. Ba a ba ta ƙarin kalsiyum da bitamin D ba duk da ana ba masu shan kortizon na dogon lokaci, saboda ƙulle-ƙullen sarkoyidos da kansu suna sarrafa bitamin D, shi ya ɗaga kalsiyum ɗinta tun farko. Ido ya samu ɗigon kortizon da na buɗe ƙwayar ido.

A Nuwamba, da gwajin hanta ya nuna daidai, aka ƙara metotirezat, maganin danne garkuwar jiki, miligiram 10, daga baya 15, sau ɗaya a mako, ranar Juma'a don kada ta manta, da folik asid miligiram 5 ranar Lahadi. An rubuta “Juma'a kawai” a jikin kwalin, domin shan sa kullum bisa kuskure yana kashewa. An zaunar da ita da maigidanta aka yi maganar tazarar haihuwa, tunda al'ada na iya dawowa ba sanarwa kuma maganin na lalata ɗan tayi. Ta zaɓi robar hannu. Firednizon ya tsaya a 50 na mako 6, sannan ana rage 5 kowane mako biyu har 20, daga nan a hankali. Sukarinta ya hau zuwa 1.4 a Disamba, aka rage shayi da lemon kwalba da gishiri, ya sauko da raguwar maganin. Fuska ta cika, nauyi ya kai kilo 63.

Fabrairu: tuntuɓe

Ta yi gudawa, wani mai tallan magani ya ba ta kotirimokzazol, ta sha kwana biyar. Baki ya fashe da gyambo, farin jini ya faɗi zuwa 1,900. Magungunan biyu duka suna toshe hanyar folik asid, in suka haɗu sai ɓargo ya daina aiki. An dakatar da metotirezat mako uku, jini ya farfaɗo, aka mayar da shi. Tun daga nan tana yawo da takarda mai sunayen abin da ba za ta sha ba, ciki har da magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da diklofenak, waɗanda ke hana ƙoda fitar da metotirezat.

Halin da take ciki a wata na 24

Tana tafiya da ƙafarta, ta koma ɗinki rabin yini. IRM na baya ya nuna ɗaki na huɗu ya koma girmansa, kumburin tantani ya kusa ɓacewa. Tana shan firednizon miligiram 5 da metotirezat 15, ana gwajin jini da hanta a Tahoua kowane wata biyu, tana zuwa Yamai kowane wata shida. Al'ada ta dawo. Gefen dama na baki bai miƙe gaba ɗaya ba, kunnen dama ya rage ji. Desmofiresin ya zama na dindindin. Da aka gwada tsallake shi, fitsari ya koma lita 6 a rana. Azumin da ya biyo baya ba ta yi ba, bisa shawarar likita da fatawar malaminsu, maigidanta ya ciyar.

Hukunci

Fara maganin tarin fuka a Maris ba kuskure ba ne. A ƙasar da tarin fuka ya fi sarkoyidos yawa nesa ba kusa ba, ruwan baya mai limfosit da furotin sama da sukari ƙasa ya cancanci wannan magani a ranar, ko GeneXpert ya yi shiru, domin yakan rasa ƙwayar a ruwan baya kuma jinkiri na kashewa. Inda aka yi sake shi ne ɗaukar sauƙin Afrilu a matsayin shaida. Magani biyu aka ba ta tare, kuma ɗayansu, dekzametazon, shi ne ainihin maganin sarkoyidos. Sau uku ta samu sauƙi da kortizon, sau uku ciwon ya dawo bayan an janye shi. Dawowar Yuni, a jikin wadda ba ta tsallake ƙwaya ba, ita ce ranar da ya kamata a sake buɗe fayil daga shafin farko.

Alamun da suka fi nuna hanya duk masu arha ne. Mutuwar fuska a ɓangare biyu cikin wata uku ta wuce a ce iska ce, tana neman hoton ƙirji da duban ido da auna kalsiyum tun a Janairu. Kaluluwa iri ɗaya dama da hagu tare da gwajin fata da bai tashi ba sun fi kama da sarkoyidos, ko da yake mai tsananin tarin fuka ma fatarsa kan yi shiru. Ƙishirwa kuwa jarka ɗaya da awa 24 take buƙata, amma ta yi wata 9 ba a tambaye ta ba, kuma mai yiwuwa wannan jinkiri ne ya sa hifofiz ba ta farfaɗo ba.

Tsoron huda jakar yana da hujja, sai dai siffarta ba ta goyi bayan tsutsar kare ba: waccan ta fi fitowa a yara, a saman ƙwaƙwalwa, zagayayya kamar ƙwallo, kuma da wuya ta tashi daga babu zuwa milimita 24 cikin wata uku. Wannan a tsakiyar layi take, daidai mazaunin ɗaki na huɗu, kuma ta girma ne bayan an sa bututu. Da an yi IRM a Yuni, da kwana 28 na albendazol da sikana na uku ba su zama dole ba. Sarkoyidos na jijiyoyi yakan dawo in an rage magani, bututu kuma yakan toshe in furotin ya sake hawa, don haka an faɗa wa maigidanta da yayarta cewa ciwon kai da amai na safe, ko yawan barci, ko tangaɗi, na nufin a kama hanyar Yamai a ranar, kada kuma ta daina firednizon farat ɗaya ko da magani ya yanke a farmasin unguwa.